HOTON BABA A BAKIN ZOBE

Ya ɗan'uwa mai karatu, hotuna biyu gare ni a bangon ɗaki, na Baba da na Inna, Allah Ya jiƙansu. Duk lokacin da na dube su sai na yi ajiyar zuciya.

Na Baba an ɗauke shi ne a bakin dam ɗin Zobe, bayan an kammala shi a 1983 a kan kogin Karaduwa. Wani mai hoto daga Dutsin-Ma ne ya zo da kyamararsa Yashica mai ido biyu, irin wadda ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama. Fim ɗinta shi ake kira 120, hoto 12 kacal yake ci, kowane negatif kuwa kusan santimita 6 ne tsawo da faɗi. Baba ya karɓi nasa ya adana cikin ambulan a ƙasan adaka.

Da ya rasu na kai negatif ɗin nan Kano aka wanko mini babba. Allahu Akbar! Ga tsagen fuskarsa raɗau, ga zaren hularsa, hatta idanun tarun da ke kafaɗarsa sai ka ƙirga. Mai wankin ya ce sirrin faɗin negatif ne, don ya ninka na ƙaramin fim 35 fiye da sau uku, saboda haka ba a ja shi da yawa.

Inna fa? Hotunanta sun fi ɗari a wayata, sai wayar ta faɗa ruwa. Guda ɗaya na samu wurin ƙanwata a Kurfi, wanda na taɓa tura mata ta WhatsApp, shi kuwa matse hoto yake don ya rage nauyi. Da aka faɗaɗa shi sai fuskar ta dagule kamar kunu. Ɗiyata ta ce, "Baba, wace ce wannan?" Wallahi kasa amsawa na yi.

Ba na cewa na da ya fi na yanzu. Manyan kyamarorin dijital na yau sun kamo fim a kaifi, wasu ma sun wuce shi. Laifin nawa ne. Baba guda ɗaya ya samu ya riƙe shi gam, ni na samu ɗari na yi sakaci.

Don haka ɗan'uwa, in mahaifanka na raye, ɗauke su da kyau, ka ajiye na asali, ka wanko a takarda tun yau. Allah Ya sa mu dace, amin.