Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Shekara huɗu ke nan da na fara neman aikin soja, tun kafin in sami shiga jami'a. Ran da aka tara mu don a tace na tacewa, na isa fili ina taƙama, don ina da tsawo, kuma a unguwarmu ba wanda ya fi ni buga ƙwallo. Aka duba takardunmu, aka auna tsawonmu, kana aka jera mu aka ce mu yi gudu. Ana busa usur na fita kamar kibiya, na bar kowa a baya. Ban yi nisa ba sai ƙirjina ya ɗauki zafi, miyau ya ƙafe, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura mini turmi. Waɗanda na wuce suka yi ta wuce ni, har da wani ɗan siriri da na yi wa dariya da safe. Ƙarshenta dai a gindin wata darbejiya na tsuguna ina amai, aka ce in kama hanyar gida.

Ina da wani kawu, tsohon saje, wanda ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG a 1990. Da na kai masa kukana, sai ya ce, "Ɗan nan, sau nawa ka fita gudu kafin ranar?" Na ce, "Kawu, ai kullum ina ƙwallo." Ya yi murmushi ya ce, "Mai ƙwallo yana tsayawa ya jira a ba shi. A can wa zai jira ka? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Sai da na zo jami'a na fahimci wannan magana sosai. Mu ɗalibai mun saba da wata ɗabi'a, watau mu yi ta shashanci har jarrabawa ta matso, sa'an nan mu sayi goro da shayi mu kwana a aji muna haddace abin da aka yi wata uku ana koya mana. Wani lokaci ma a dace. To, jiki bai san wannan dabara ba. Ba ya karɓar haddar dare ɗaya, ba a kuma satar amsa a madadinsa.

Mai karatu ya sani horon soja ba abin wasa ba ne. Makarantar horar da kurata da ke Zariya tun 1924 aka kafa ta, kuma kurtu ya kan shafe kimanin wata shida a cikinta. Makarantar hafsoshi ta Kaduna kuwa an buɗe ta a 1964, can ne ni ke fatan zuwa bayan digiri da bautar ƙasa, in Allah ya yarda. A ko'ina abin ɗaya ne: tashin asuba, fareti cikin rana, tsallen kwaɗo, da doguwar tafiya da kaya a baya. Wanda ya shiga da ɗanyen jiki, ko ya tsallake ranar farko, rauni na jiransa a gaba.

Saboda haka bara na koma wurin Kawu na ce ya ɗora ni a hanya. Ya ce in fara da kwana uku a mako, in yi sassarfa kaɗan, in taka kaɗan, kuma kada saurina ya kai inda zan kasa yin magana da na kusa da ni. Kowane mako in ƙara ɗan nisa, ba da yawa ba. Na bi wannan har mako uku, sai na ji ƙarfi ya zo, girman kai ya dawo. Na ninka nisan, na koma fita kullum, a kan kwalta, da tsohon takalmin roba. Ba a yi kwana goma ba ƙashin ƙwaurina ya soma zugi, har hawa benen laburare ya zame mini aiki. Ashe zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiya saurin sabo da wahala. Numfashi ya kan ce maka ka iya, alhali ƙafa ba ta shirya ba tukuna. Mako biyu na yi ban fita ba. Da Kawu ya ji, abin da ya ce kawai shi ne, "Hutu ma yana cikin atisaye."

Na sake farawa daga tushe, a kan turɓaya, da takalmi mai taushi. Na haɗa da ɗaga jiki da hannuwa daga kife, don ƙarfin ƙirji da kafaɗa. Ran Asabar kuwa na kan zuba littattafai a jaka, har da ƙamus ɗin Bargery na 1934 mai shafi fiye da dubu, in goya in nufi wajen Dutsen Kufena. Abokan ɗakina suna ce mini ni kaɗai ne ɗalibin da ya ɗauki Hausa a baya maimakon a ka. Da bazara na koyi shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ni, da azumi kuma na mai da fitar bayan sallar asham. Abin da ya fi wuya duka shi ne barin hirar dare, domin wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ba ya tashi da asuba ya yi gudu.

Akwai nauyin da ba a sa shi a jaka. Da na je hutu, Inna ta gan ni na dawo da gumi, ta miƙo mini koko ba ta ce komai ba. Na san abin da ke ranta. Tun 2009 ake kai 'ya'yan mutane Arewa maso Gabas, wasu ba su dawo ba. Ba ni da amsar da zan ba ta, sai dai in ce idan har zan tafi, gara in tafi da jikin da ba zai zame wa abokan tafiya kaya ba.

Yau ina iya kilomita 5 ban tsaya ba. Ko za a ɗauke ni, ko ba za a ɗauke ni ba, wannan na Allah ne. Amma 'yan'uwana ɗalibai, ko wanda ba ya sha'awar kaki, akwai fareti na mako uku yana jiransa a sansanin bautar ƙasa. Mai son fita, ina nan bakin masallaci bayan sallar asuba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.