Kifin tetra ba ya zaman kaɗaici

Idan yaranka sun matsa maka da roƙon a sayo musu kifin ado, da wuya idonsu bai sauka kan wanda masu sayarwa ke kira neon tetra ba. Ɗan ƙaramin kifi ne, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, da shuɗin layi mai ƙyalli a gefensa da kuma ja daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya. Na daɗe ina kiwonsa a falona, kuma shawarar da nake fara ba kowa ita ce: kada ka sayi ɗaya ko biyu.

Asalinsa daga ƙananan rafukan yankin Amazon ne, a ƙasashen Burazil da Peru da Kolombiya, inda inuwar bishiyoyi ke rufe ruwa. A can garke-garke yake yawo, domin yawansu ne kariyarsu daga manyan kifaye. Idan ka ware guda ɗaya, sai ya lafe a kusurwa cikin tsoro, launinsa ya dushe. Mafi ƙaranci shida ne, goma sun fi, a tankin gilashi mai cin lita 40 zuwa sama. Nawa goma sha biyu ne, kuma idan suka juya tare kamar an ba su umarni, har baƙo yakan katse hira ya tsaya kallo.

Abu na biyu shi ne haƙuri, kuma nan ne yara ke shan wuya. Ba a zuba kifi ranar da aka cika tanki. Kashinsa da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke zama cikin na'urar tace ruwa suna sauya gubar zuwa abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. A wannan lokaci sai dai a riƙa jefa ɗan abincin kifi a tankin da babu kowa. Autata ta yi ta ƙirga kwanakin a kalanda, ta kuma koyi jiran abin da take so.

Ruwan famfo yakan zo da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar baki ɗaya, don haka ka nemi maganin cire shi a wurin masu sayar da kifin. Kowane mako ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kada ka zubar da shi duka. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa. Ka ba yaro ɗaya wannan aiki, domin idan kowa ya zuba nasa don ƙauna, ruwan zai lalace.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Wannan kifi ya fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 26, ga shi zafin Maris da Afrilu yakan haura haka a cikin ɗaki. Ka ajiye tankin nesa da taga, a wuri mafi sanyi a gidan. Idan gidanka mai zafi ne, ɗan'uwansa cardinal tetra, wanda jansa ya bi tsawon jikin duka, ya fi jure ɗumi. Ga kuma ɗaukewar wuta: da zarar na'ura ta tsaya, iskar da ke cikin ruwa takan ragu. Ƙaramin famfon iska mai batir yana ceton rai a irin wannan dare.

Kada ka manta da lafiyar iyalinka. Ruwan tanki na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu jawo gudawa. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, mai rauni a hannu kada ya tsoma, kuma a ware bokitin tanki daban da na kicin. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya tsiyaya, tankin kuma a kan teburi mai ƙarfi da murfi, saboda masu rarrafe.

Wata rana da asuba za ka kunna fitila ka ga launinsu ya koɗe. Kada hankalinka ya tashi, haka suke idan sun huta cikin duhu, ba da jimawa ba ƙyallin zai dawo. Idan aljihu bai kai ga shida da tankin da ya dace ba, ka gaya wa yara a dakata tukuna. Rai ne za a ɗauko, kuma duk abin da zai ci da ruwan da zai rayu a ciki daga hannunka zai fito.