Fankar da ta ci min babi na huɗu

Saura sati biyu in kare furojet ɗina na ND II, laftop ɗita ta fara ƙugi kamar injin markaɗe. Abokin ɗakina har tsokanata yake: "Malam, janareto ka tayar?" Na yi biris, har ranar da ta ɗau zafi ta mutu, ban adana babi na huɗu ba.

Na garzaya wajen wani mai gyara a Ƙofar Ƙaura. Yana kwance ta sai ga ƙurar hunturu ta cunkushe fankar kamar auduga. Ya sa buroshi ya share, ya ce: "Ɗan'uwa, kan katifa kake ɗora ta ko? Kai ka toshe mata iska."

Wallahi haka ne. Yanzu kan tebur take zama. Babin kuwa, kwana biyu na yi ina sake rubuta shi.