Jeren Kakata

A gidanmu na Gabukka babu ɗakin da ya kai na Kaka kwarjini. Da ka ɗaga labule sai idonka ya sauka a kan jere: fanteka a ƙasa, langa a bisanta, samira da tasoshi har kusa da rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Kowane kwano da tarihinsa. Wannan na aurenta ne, wancan na sunan mahaifina. Duk jajibirin salla sai an sauke su, an goge tasoshin da toka.

Da Allah ya yi mata rasuwa a 1996, shekarar da Gombe ta zama jiha, muka ce ai wannan ƙauyanci ne. Ni da kaina na kirawo ɗan gwangwan, ya ɗora su a sikeli kamar gyaɗa. Muka cika kuɗi muka sayo kabad mai gilashi.

Bara na shiga falon wani attajiri a Abuja, sai ga fayafayai da ƙorai an jera a bango, wai adon zamani, da tsada aka sayo. Na yi tsaye ina kallo har maigidan ya ce, "Malam, lafiya?"

Kabad kuwa tuni gara ta cinye shi.