Ranar da na daina cewa "zan iya"

Yau wata 11 rabona da giya. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, amma na san akwai mai karantawa da ke cikin halin da na fito.

Da na samu gurbin karatu a Ibadan, murnata ɗaya ce: ba Baba, ba yayye, ba wanda ya san gidanmu. Na ɗauka 'yanci ke nan. A aji ɗaya abokai suka fara ba ni ta leda, wai maganin fargabar jarrabawa. Kafin ƙarshen aji biyu, sai na kurɓa hannuna ke daina rawa in iya rubutu a lakca. Kwas uku na faɗi. Har kuɗin rajista da Umma ta tara da adashi na taɓa.

Rantsuwar dainawa kuwa ba adadi. In yi kwana biyu, in koma. Kullum dai "zan iya da kaina", don kar kowa ya sani.

Wata asuba na farka a bayan ɗakin kwananmu cikin amai, ana kiran salla. Na kasa tashi. Ina kuka na ce, Ya Allah na gaza, na miƙa maka lamarina. Wallahi rabon da in ji ƙirjina ya yi sakayau haka har na manta.

Ranar na je Sabo wajen wani dattijo ɗan garinmu, na faɗa masa komai. Na ce, "Kawu, kar ka gaya wa Baba." Ya ce, "Kai za ka gaya masa da bakinka in lokaci ya yi. Yanzu tashi mu je asibiti. Tawakkali ba ya hana neman magani."

Likita ya ce wanda jikinsa ya saba, yankewa lokaci guda ba kulawa na iya jawo jijjiga, har a rasa rai. Shi ya ba ni labarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous da aka kafa a Amurka a 1935. Cikin matakansu 12, na farko amsa cewa giya ta fi ƙarfinka, na uku miƙa rayuwarka ga Ubangiji. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Har yanzu sha'awar takan motsa, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai yanzu ba na ɓoyewa: in yi alwala, in kira Kawu. Na kuma gaya wa Baba da Umma, sun yafe min.

Ɗan'uwa, in kana ciki, faɗa wa mutum ɗaya yau. Ku sa ni a addu'a, ranar Litinin zan sake rubuta kwas na farko cikin ukun nan.