Mu da Baƙin Malamanmu

Mu da muka tashi a yankin Kura da Bunkure cikin shekarun 1970, abubuwa biyu ne suka riske mu kusan lokaci guda, kuma dukansu daga nesa aka jawo mana su. Na farko shi ne ruwa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka haƙa magudanai zuwa Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye, sai ga iyayenmu suna noman alkama da shinkafa da tumatir a tsakiyar rani. Na biyu kuwa shi ne malamai. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwashe mu garke-garke aka zuba a aji. Kafin mu kai sakandare a 1982, ɗalibai sun fi ƙarfin malaman gida nesa ba kusa ba, dole aka nemo na waje daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da kuma Ghana.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne duk cikin waɗanda suka koya mana Ingilishi babu Baturen Ingila ko ɗaya. Mutanen Ghana ne suka fi riƙe mana wannan darasi, sai wani Ba'indiye da matarsa. Kowannensu da irin karin harshensa, mu kuma da namu. Sun sha fama da mu wajen raba harafin "p" da "f", domin a bakin Bahaushe duk tafiyarsu ɗaya. Malaminmu ɗan Ghana har takarda yakan sa mu riƙe a gaban leɓe; in ta motsa da ƙarfi lokaci guda, to an faɗi "p", in kuwa ta yi ta kaɗawa a hankali, sai a sake. Shi kansa ba a gida ya tsinci Ingilishi ba, a aji ya koya da bulala kamar mu, shi ya sa ya san duk ramin da ɗalibi zai faɗa tun kafin ya kai bakinsa.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Sai da muka girma muka fahimci irin zaman da waɗannan bayin Allah suka yi a cikinmu. Gidajensu na can bayan makaranta, a bakin gonaki, inda sauron fadamar shinkafa yake da mulki daga magariba zuwa asuba. Wasiƙar gida takan yi wata guda a hanya. Albashi ya zo ko ya makara, ba su da kawu ko baffa da za su je wa rance. Ba'indiyen nan ba ya cin nama, a garin da babbar karramawar baƙo ita ce a yanka masa zakara. Iyayenmu suka yi ta mamaki, daga baya suka gane, sai suka koma aika masa da kwandon tumatir da albasa da ƙwaryar nono. Ɗan Ghana kuwa cikin shekara guda ya iya ciniki da Hausa a kasuwar Kura, har yana ja wa mai shinkafa rai. A wurinsa muka fara jin cewa akwai unguwannin Hausawa da ake kira zango a Kumasi da Ankara, inda 'yan'uwanmu suke zaman baƙunta kamar yadda yake yi a cikinmu.

Ba a daɗe ba zamani ya juya. Kuɗin man fetur ya ja baya, kuma a watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da cikakkun takardu wa'adin barin ƙasa. Kimanin mutanen Ghana miliyan guda ne suka kama hanya, da kayansu cikin jakar nan mai zane-zane wadda har yau sunan wannan kora take amsawa. Ko cikin malaman da takardunsu suka cika, da yawa sun ga zaman ba daɗi, suka bi 'yan'uwansu. Dattawanmu suka tuna cewa a 1969 gwamnatin Busia ma ta kori baƙi daga Ghana, har da Hausawan zango. Amma mu da ke aji ba mu ga ramuwa ba, allo muka gani babu mai riƙe alli, ana saura 'yan shekaru mu zauna jarrabawar fita. Indiyawa da sauran mutanen Asiya kuwa babu wanda ya kore su. Naira ce ta sallame su: a farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka daraja, amma bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 abin da malami zai aika gida ya zama bai taka kara ya karya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sayar da 'yan motocinsu suka tafi.

Da yawanmu muka wuce Kwalejin Horar da Malamai ta Kumbotso, muka fito mu ma malaman Ingilishi. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. A 1987 Nijeriya ta kafa shirin aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu, kuma cikin abokan karatunmu akwai waɗanda suka tafi koyarwa ta wannan hanya. Da suka dawo, labarinsu ɗaya ne: ɗalibai suna dariyar karin harshenka a makon farko, suna kuka ranar da za ka tafi, a tsakani kuwa kai kaɗai ka san yadda dare yake da tsawo.

A wannan shekara ta 1987 ɗin dai ita ma Japan ta buɗe nata shirin mai suna JET, na ɗauko matasa daga waje su taya malamanta koyar da Ingilishi. Da mutum 848 aka fara, daga Amurka da Birtaniya da Ostareliya da New Zealand, wato ƙasashen da ake ganin su ne masu harshen. Sai daga baya aka buɗe ƙofa ga irin su Afirka ta Kudu da Jamaika da Filifin. Baƙon malami a can mataimaki ne, ajin na malamin Japan ne, kwantaraginsa kuma shekara-shekara ake sabuntawa, ba ya wuce biyar. Wasu kuma kamfanoni masu zaman kansu ke ɗaukarsu, cikinsu har da 'yan Nijeriya, kuma a nan tsaron ya fi rauni: da kamfanin Nova ya durƙushe a 2007, dubban baƙin malamai suka wayi gari babu albashi, wasu har da gidan kwana.

Idan ɗanmu ya je can, takardar digirinsa ba ta hana a tambaye shi ko Ingilishi harshen uwarsa ne. Mu da muka zauna gaban mutanen Ghana mun san amsar wannan tambaya. Yaron Japan yana rikita "r" da "l" kamar yadda muka rikita "p" da "f". Yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe kamar mu: abin da muka mayar tebur shi ya mayar teburu, bokitinmu kuma a bakinsa baketsu ne. Wanda ya taɓa hawa wannan tudu da ƙafarsa ya fi sanin inda santsi yake, bisa ga wanda aka haifa a samansa.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance cikin mujallarmu shi ne, littattafanmu cike suke da alhazai da 'yan boko da masoya, amma da wuya ka ci karo da baƙon malami a cikinsu, alhali da yawa daga cikin masu riƙe da alƙalami a yau a hannunsa suka fara sanin yadda ake gina jimla. Mutum ne da ake nema ido rufe lokacin buƙata, a fara kallonsa a kaikaice ranar da tukunya ta rage. Ga kewar gida, ga tsoron takarda, ga ƙaunar yaran da ba nasa ba. Marubucin da ke neman jigo mai nauyi ba sai ya je Tokyo ba. Ya sami tsofaffin ɗaliban Kura da Bunkure da Kumbotso ya saurare su tun suna da sauran tunawa. Waɗanda suka koyar da mu, na raye Allah Ya saka musu da alheri, 'ya'yanmu da ke koyarwa a ƙasashen mutane kuma Allah Ya haɗa su da masu masauki na gari, amin.