Bayan muryoyin sun yi shiru, a duba mantuwar

Tun 2014, lokacin da Boko Haram ta tarwatsa jama'ar Gwoza da Madagali da Michika, Malkohi ta cika da baƙi waɗanda yanzu sun zama 'yan gida. Yaran da suka iso riƙe da hannun iyaye yau su ne samari da 'yan mata. Shekarun nan kuwa, daga tashen balaga zuwa wajen talatin, su ne lokacin da taɓin hankali mai tsanani ya fi somawa, shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna.

Alamomin da ke tayar mana da hankali mun san su: yaro ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ya ce ana bibiyarsa ko an sa masa guba a abinci, ya daina barci. Idan aka dace aka kai shi asibiti a Yola ko Jimeta, magani yakan kwantar da waɗannan cikin makonni, sai gida ya ce Alhamdulillahi, ya warke.

Amma akwai wani ɓangare da yakan saura. A aike shi kasuwa da saƙo uku ya dawo da ɗaya. Ya koma shagon ɗinki ya manta awon da ya yi ɗazu. Ya buɗe littafi hankalinsa ya ƙi tsayawa. Likitoci sun daɗe da gano cewa wannan rauni na riƙe abu, da natsuwa, da saurin tunani, da tsara aiki, yana tare da yawancin masu cutar tun farkonta, wani lokaci ma kafin muryoyin su bayyana. Maganin da ke kashe muryoyin bai cika taɓa shi ba, alhali shi ne yakan hana mutum komawa makaranta ko sana'a. Wanda bai sani ba sai ya kira shi malalaci. Mai mantuwa kuma yakan manta ƙwayar dare, ciwon ya dawo.

Ana iya gano shi da ɗan gajeren gwaji. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne MoCA, wanda likita Ziad Nasreddine ya tsara a Montreal ta ƙasar Kanada. Minti goma yake ɗauka, makinsa 30. Za a faɗa wa mutum kalmomi biyar a ce ya maimaita su an jima, ya zana agogo, ya riƙa cire 7 daga 100, ya faɗi ranar yau da wurin da yake. Babu allura, babu na'ura.

Sai dai mu a nan dole mu yi hattara. Wanda bai yi boko ba zai iya kasa zana agogo alhali ƙwaƙwalwarsa garau, haka wanda aka yi wa tambaya da Turanci ko da Hausar da ba ta zauna masa ba, domin cikinmu akwai masu Margi da Kamwe da Fulatanci. Mu gaya wa likita iyakar karatun yaron da yaren da ya fi ji. Akwai nau'in gwajin da aka yi domin marasa karatu. Mu kuma faɗi gaskiya idan yana shan wiwi ko tramadol, ko maganin yana sa shi yawan barci, saboda duk suna rage maki. Ƙaramin maki alama ce ta a ƙara bincike, ba hukunci ba ne.

Neman wannan ba roƙo ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙin kulawa da mutunci. Don haka idan mun raka ɗanmu ganin likita, mu ce: "Likita, muryoyin sun lafa, amma a duba mana mantuwarsa."

A gida ma akwai abin yi. Saƙo ɗaya a lokaci ɗaya. A haɗa shan magani da sallar Isha'i, ko a sa ƙararrawa a waya. A sanar da maigidansa a wurin aiki ya fara masa da ƙaramin aiki, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Addu'a da asibiti kuwa ba sa karo da juna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri. Amin.